Cutar da ba ta sallama

Ina aji biyu a sakandare ɓarin jikin Baba ya shanye. Da asuba ne, ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin hantsi gidanmu ya cika. Wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce jifa ne, don a lokacin akwai wata jayayya ta gona tsakaninsa da wani. A asibiti likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya juyo ya tambayi Umma tun yaushe Alhaji yake da hawan jini. Ta ce ba shi da shi. Iyakar gaskiyarta ta faɗa, domin mutum ne da ko zazzaɓi ba kasafai yake kwantar da shi ba, kuma ba a taɓa auna shi ba sai ranar. Shekara huɗu ya yi a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa.

Da wannan a raina na shiga jami'a na karanci kiwon lafiyar al'umma. Na ɗauka sunayen magunguna za a cika mana kai da su. Sai ga shi ƙidaya aka sa mu a gaba: mutum nawa suka kamu, cikin mutum nawa, a tsawon wane lokaci. Zangon farko raina bai so ba, har na yi tunanin sauya fanni.

Labarin taba sigari ne ya zaunar da ni. Bayan yaƙin duniya na biyu, sankarar huhu ta yi ta ƙaruwa a Birtaniya ba a san dalili ba. Wasu masu bincike biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka shiga asibitocin Landan suna yi wa marasa lafiya tambayoyi. Shi Doll kwaltar titi da hayaƙin mota ya fi zargi da farko, kuma shi kansa mashayin taba ne, sai da ya ga inda alƙaluma suka dosa ya yar da ita. Sun fitar da sakamakon a 1950. A 1951 suka rubuta wa likitocin ƙasar wasiƙa suna tambayar ko suna shan taba, kusan 40,000 suka amsa, aka yi ta bin sawunsu har shekara 50. A ƙarshe aka gano kusan rabin waɗanda suka ci gaba da sha tabar ce ta zama sanadinsu, kuma a matsakaicin lissafi sun rasa kimanin shekara 10 na rayuwa.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne tazarar da ke tsakanin sanadi da ciwo. Idan kwalara ta shigo unguwa, ka sha ruwa yau gobe amai da gudawa, kowa zai nuna rijiyar da yatsa. Amma sigarin da saurayi ya kunna yana ɗan shekara 18 sai ya haura 50 zai karɓi sakamakonsa, kuma ba kowa ba. Shi ya sa ba a rasa mai cewa kakansa ya sha taba har ya yi shekara 90. Gaskiya ne, an yi irin wannan kakan. Idon mutum ɗaya ba zai iya haɗa abin da shekara 30 ta raba ba, sai an tara dubbai an ƙirga.

Wani abu kuma ya sanyaya mini rai game da Baba. Na daɗe ina jin haushin gidanmu, ina cewa jahilci ne ya ci mu. Sai na karanta cewa shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu a watan Afrilu na 1945 bayan jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, awon jininsa ya kai wajen 300 bisa 190, kuma likitoci da yawa na zamanin suna ɗaukar hawan jini wani abu ne da ke zuwa da shekaru, ba lallai a taɓa shi ba. Sai a 1948 aka fara bin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su duk bayan shekara biyu, kafin a tabbatar da cewa hawan jini da taba da yawan kitse a jini su ne ke share wa ciwon zuciya da shanyewar jiki hanya. Ashe ilimin nan bai kai kakata shekaru ba. Ba mamaki bai iso zaurenmu a kan lokaci ba.

Darasin da ya fi kowanne sauya ni a aji uku na same shi. Malaminmu ya zana tuddai biyu a allo, ɗaya can hagu, ɗaya can dama, gefensu kawai ya haɗu. Ya ce na hagu awon jinin makiyayan Kenya ne, na dama kuma na ma'aikatan gwamnati a Landan, kamar yadda wani masanin kiwon lafiyar al'umma, Geoffrey Rose, ya kwatanta su a 1985. A kowane tudu akwai masu jini sama da masu jini ƙasa. Amma tudun Landan ɗungurungum ya matsa dama, wato ɓangaren da awon jini ya fi hawa, har wanda ake kira lafiyayye a can, da a cikin makiyayan yake, sai a ce jininsa ya hau. Malam ya ce tambaya biyu ce a nan, kada mu cakuɗa su. Ta farko: me ya sa wane ya kamu, maƙwabcinsa bai kamu ba? Ta biyu: me ya sa ciwon ya yi yawa a wannan gari, ya yi ƙaranci a wancan? Amsar ta farko takan komo kan gado da halin mutum. Amsar ta biyu tana cikin tukunya da kasuwa da irin aikin da mutanen gari ke yi.

Rose ya ƙara da wani abu da ya ɗauke ni kwanaki kafin ya shige ni. Masu hawan jini mai tsanani su ne a bakin rami, amma ba su da yawa. Masu ɗan hauhawa kaɗan, waɗanda ba wanda zai kalle su ya tsorata, haɗarin kowannensu ƙarami ne, amma da yake su ne tarin jama'a, daga cikinsu ake samun kaso mai yawa na masu faɗuwa. Saboda haka idan gari duka ya rage gishiri, jinin kowa ya sauka ɗan kaɗan, rayukan da za a tsirar za su iya fin na waɗanda za a tsirar ta hanyar farautar masu tsananin kawai. Sai dai ba wanda zai zo ya yi maka godiya, domin wanda jikinsa bai shanye ba bai san an tare masa komai ba. Kullum muna cewa rigakafi ya fi magani, har a bangon asibiti ana rubutawa, amma sai ranar na gane abin da ya sa kuɗi da yabo suke tafiya wajen magani.

Da aka tura mu aikin ƙauye na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta zo awo, jininta ya hau sosai. Ta ce an taɓa ba ta magani bara, ta sha ya ƙare, ta bari. Na ɗaga murya na ce, “Inna, wannan ai wasa da rai ne.” Ta dube ni ba fushi ta ce, “'Yar nan, kaina ya daina ciwo. Kuma in na tafi birni karɓo magani, wa zai soya mini ƙosan ranar? Kuɗin mashin zuwa da dawowa fa?” Na rasa ta cewa. Matar da ke kula da mu ta ja ni gefe bayan an watse, ta ce, “Kin tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa gaya mata cewa maganin nan ba a daina shi?” Ban tambaya ba. Duk maganin da Inna ta sani a rayuwarta na kwana uku ne ko bakwai, ka sha ka warke. Ba wanda ya zauna ya ce mata wannan ciwo zama ya zo yi, kuma jin sauƙi alama ce ta maganin yana aiki, ba alamar ya gama ba. Na karanta tuddan Rose na ci jarrabawa a kansu, amma da mutum ta zauna a gabana sai na ɗora mata laifin duka.

Bayan nan ne na sake karanta labarin Kareliya ta Arewa da wani ido. Yanki ne na manoma da masu saran itace a gabashin ƙasar Finland, inda maza majiya ƙarfi suke faɗuwa da ciwon zuciya fiye da kusan ko'ina a duniya. Mutanen yankin da kansu suka kai kuka ga gwamnati, aka fara shiri a 1972 ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Ba su tsaya a wa'azi ba. Sun shiga ƙungiyar matan gida ta Martta aka sauya yadda ake girki, sun zauna da masu yin tsiran nama da masu gasa burodi a kan gishiri da kitse, sun taimaki masu kiwon shanun madara su koma noman 'ya'yan itace, aka samar da man girki na tsiro a madadin man shanu. Cikin shekara kusan 40, mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin da ya burge ni shi ne da mata masu girki aka fara.

A gidajenmu tukunya ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi da taliyar leda da yajin tsire. Idan likita ya ce wa maigida ya rage gishiri, a gidan mutum 15, wa zai ɗora masa tasa miyar daban kullum? Kwana uku za a yi a gaji. Amma idan mai girki ta rage dunƙule ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, a hankali yadda harshe zai saba, gida duka ya amfana, har yaran da ba su san ana yi ba. A nan nake ganin ya kamata ƙarfinmu ya tafi, da kuma kan kamfanonin da ke haɗa kayan. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 mafari ne, amma a ganina ya yi kaɗan, tunda naira 10 yau ko ruwan leda ba ta saye.

Gyaɗa ma ta ba ni tsoro. Gubar afulatoksin, wadda aka gano bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa, daga fumfuna take fitowa idan gyaɗa ko masara ba ta bushe sosai ba aka adana ta. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin sankarar hanta yakan ninka sau da yawa. Na tuna kakata tana tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a faifai tana zubarwa. Na kuma san cewa a kasuwa irin wannan ba zubar da ita ake yi ba, araha ake sayar da ita, ta ƙare a ƙuli-ƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta.

Da alawus ɗina na farko na hidimar ƙasa na sayi na'urar awon jini mai batir. Duk Juma'a bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Umma ce ta farko, sai matan maƙwabta su biyo baya. Ina da littafi, kowa da shafinta. Wadda awonta ya kai 140 bisa 90 sau biyu a ranaku daban nakan ce ta je asibiti, kuma kafin ta tashi sai na tambaye ta wa zai kai ta, da me za ta biya, na kuma gaya mata tun daga farko cewa in an ɗora ta a kan magani ba a ajiye shi don kai ya daina ciwo.

Yayanmu ne ya fi ba ni wuya. Wata shida ina binsa yana cewa, “Ke dai bar ni, lafiyata ƙalau.” Maganar Baba ke nan, har muryar. Ranar da Umma ta sa baki ya miƙo hannu, 158 bisa 98 na gani, yana da shekara 41. Na sake aunawa bayan mako guda, bai sauka ba. Ni na raka shi asibiti, na kuma zauna da matarsa a kan miya. Juma'ar da ta wuce 132 bisa 84 na rubuta a shafinsa.