Aikin kashe wutar daji: ta wace ƙofa matashin Zariya zai shiga?

Da zarar damina ta ɗauke a Oktoba, gamba da kyasuwar da ke kewaye da Zariya sukan fara bushewa, kafin Disamba ta raba tsakiya kuwa hunturu ya tsotse ɗan danshin da ya rage musu. Daga nan sai hayaƙi ta hanyar Shika da Giwa, ta wajen Soba, ta bayan Kufena. Ko masu farautar gafiya sun cinna, ko mai cire zuma ya yar da bakin wuta, ko makiyayi yana neman sabon toho, ko manomi yana ƙona kara iska ta ƙwace masa. Abin da ke salwanta a ciki dukiya ce: damman dawa da ba a kwashe ba, harawa, gonar mangwaro ko kashu da aka yi shekara biyar ana raino. Duk da haka matasanmu kaɗan ne suka san cewa kashe wutar daji sana'a ce mai zaman kanta, da gwajinta da horonta da matakan girmanta.

Aikin ya sha bamban da na 'yan kwana-kwanan cikin gari. A gari mota ce ke zuwa da ruwa. A daji sau da yawa babu hanyar mota, babu ruwan da zai isa, don haka yawancin aikin kankare ƙasa ne. Wuta tana buƙatar abu uku: abin ci, iska da zafi. Wanda ka fi iko da shi a daji shi ne abincin, sai ka share layi har ƙasa tsura ta bayyana, wutar ta iso ta rasa abin kamawa. Duk wanda ya iya riƙon fartanya tun daga hantsi har azahar ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema.

Amurka ce ta fi tsara wannan aiki, kuma bidiyonta ne ke jan hankalin samari a waya, don haka gara a faɗi yadda abin yake. Manyan masu ɗaukar ma'aikata su ne hukumar gandun daji ta tarayya da hukumomin kula da filayen gwamnati, kuma a shafin USAJOBS ake neman gurbi, galibi daga Satumba zuwa ƙarshen shekara domin aikin bazarar da ke tafe. Sabon shiga sai ya kai shekara 18, kuma a mataki na ƙasa ƙwarewar aiki ta wata 6 ta wadatar, ko da noma ne ko gini. Zai yi darussan S-130 na dabarun kashe wuta, S-190 na halayyar wuta, da L-180 na yadda ɗan'adam ke yanke shawara cikin matsi, ya ci gwajin ƙarfi, sannan hukumar da ta ɗauke shi ta ba shi katin shaidar ƙwarewa da suke kira jan kati. Mafi yawa suna farawa ne a tawagar mutum 20 masu aikin hannu ko a motar ruwa. Sai bayan an ga kamun ludayinsu suke neman tawagar ƙwararru da ake kira Hotshot, ko ta jirgi mai saukar ungulu, ko masu dira da laima. Fita ɗaya kwana 14 ce, aikin yini yakan kai awa 16, kwana a tanti ko a ƙasa. A 2021 aka ɗaga mafi ƙarancin albashinsu zuwa dala 15 a awa, akwai kuɗin ƙarin lokaci, da ƙarin kashi 25 cikin ɗari a ranar da aka tunkari wutar da ba a shawo kanta ba. Ma'aikacin wucin gadi ba ya wuce awa 1,039 na aikin yau da kullum a shekara, wato kusan wata 6, sauran watannin ya nemi abin yi.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe: guraben gwamnatin tarayyar Amurka na 'yan ƙasa ne. Kamfanonin kwangila ma sai wanda ya riga ya sami izinin aiki a can suke ɗauka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka bizar kashe gobara, ko ya sayar maka da jan kati ta intanet, ɗan damfara ne. Abin da za ka iya samu kyauta daga can ilimi ne, domin hukumar NWCG mai tsara darussan ta saka kayan karatunta da yawa a shafinta.

A nan Afirka ma akwai abin koyi. Afirka ta Kudu ta kafa shirin Working on Fire a 2003, tana ɗaukar matasa marasa aiki, maza da mata, tana horar da su, har aka tura su taimakon Kanada a 2016 da 2023. Gana kuwa, bayan mummunar gobarar dajin 1983, ta yi doka a 1990 wadda ta tanadi ƙungiyoyin sa-kai na kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. Irin na Gana shi ne ya fi dacewa da ƙauyukan ƙasar Zazzau, kuma ba ya buƙatar wani babban jari.

Ƙofofin gida ba su da yawa, amma akwai su. Hukumar kashe gobara ta tarayya tana ɗaukar ma'aikata ta hannun CDCFIB, hukumar da ke ɗaukar jami'an sibil difens, gidan gyaran hali da shige da fice. Mai takardar sakandare yana shiga ƙaramin mataki, mai ND ko NCE rukunin sufeto, mai digiri rukunin sufuritanda. Sanarwar takan nemi tsawon mita 1.65 ga namiji, 1.60 ga mace, da lambar NIN, takardar haihuwa, takardar asalin ƙaramar hukuma da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Cike fom kyauta ne. Abin da ya fi kayar da mutane tun kafin jarrabawar kwamfuta shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da takardar makaranta, don haka ka gyara wannan tun ba a buɗe shafin ba. Akwai kuma hukumar kashe gobara ta jihar Kaduna. Sai dai horon duka biyun ya fi karkata ga gobarar gida da kasuwa da tankar mai.

Wanda daji ne a ransa gara ya bi ta karatun gandun daji. Akwai kwalejin tarayya a Afaka kusa da Kaduna, akwai ta Jos, akwai ta kula da namun daji a Sabuwar Busa, kuma a nan Samaru cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FRIN, tana da tashar binciken itatuwan savana. Daga nan ne ake samun malaman daji da masu gadin wuraren ajiyar namun daji, waɗanda share layin wuta da ƙonawar wuri suke cikin aikinsu na kowace shekara. Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa a 1999, amma matsalar tsaron yankin ba ɓoyayya ba ce, kuma wajibi ne mai neman aikin gadi a can ya yi shawara da iyayensa da idonsa a buɗe.

Ƙofar da aka fi rainawa ita ce ta kusa. Masu gonakin itatuwa, masu kiwon da suka shuka ciyawa, makarantu masu faɗin fili, duk suna buƙatar a kewaye musu da layin wuta daga ƙarshen Oktoba. Samari 8 zuwa 10 masu shugaba ɗaya, da fartanya, adda, manjagara, shebur da famfon feshi na goyo guda biyu, za su iya karɓar wannan aiki da jinga. Yadda ake yi: a share layi biyu masu tafiya tare, kowanne faɗin mita 1 zuwa 2, a bar tazarar mita 5 zuwa 10 a tsakaninsu, a ƙone ciyawar tsakiyar da yamma liƙis lokacin da iska ta kwanta. Ana cinnawa ne daga ɓangaren da iskar ta nufa, domin wutar ta riƙa tafiya tana fuskantar iska a hankali, kuma kaɗan-kaɗan, kada a kunna abin da ya fi ƙarfin mutanen da ke wurin. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, don haka wannan gefen ake ƙara wa faɗi. Ciyawar da aka kankare a watsa ta nesa da layin, kada a tara ta a bakinsa. A wanke famfon feshi sosai kafin a zuba ruwa, saboda ragowar maganin ciyawa idan ya sha zafi shaƙarsa cuta ce. Kafin a kyasta ashana a sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, a kuma tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukuma, domin tun 2011 akwai ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA a kan ƙona daji, kuma wutar da ta tsallaka gonar wani shari'a ce.

Gwajin ƙarfin Amurka mizani ne mai kyau ko da ba za ka taka ƙasarsu ba: tafiyar kilomita 4.8 da kayan kilo 20 a baya cikin minti 45, tafiya zalla ban da gudu. A filin tsere na mita 400 zagaye 12 ke nan, kowane zagaye minti 3 da daƙiƙa 45. Kada ka fara da kilo 20. Fara da kilo 7 na yashi a jakar goyo mai ɗamarar ƙugu, sau uku a mako, kana ƙara kilo 2 duk mako, cikin wata biyu ka isa. Jarkar ruwa ba ta dace ba, ruwan yana kaɗawa yana karkatar da baya. Masu gaggawa su ne ke ƙarewa da ciwon ƙwauri da kumburin gwiwa, sabon takalmi kuma ranar gwaji bororo yake kawowa. Mai hawan jini ko ciwon asma ya ga likita tukun. Idan horon ya faɗo cikin azumi, a mai da shi bayan shan ruwa.

Sutura tana raba wanda ya koma gida lafiya da wanda aka kwantar a asibitin Shika. Rigar ƙwallo da duk wani yadin roba narkewa suke yi su manne a fata. Auduga mai kauri, dogon hannu, dogon wando, takalmin fata mai rufe idon sawu, safar hannu ta fata, hular kwano da tabarau. Ƙyallen rufe hanci ya zama busasshe, domin jiƙaƙƙe idan zafi ya buge shi tururi yake zama ya ƙona maƙogwaro. Ruwan sha kusan lita 1 a kowace awa ta aiki, kuma wanda ya fara jiri ko ya rikice a magana a janye shi inuwa nan take.

Karanta wuta shi ne ainihin sana'ar. Idan harshenta bai kai mita 1.2 ba, wato iya ƙirjin babban mutum, ana iya tunkararta kai tsaye da ɗanyen reshe da shebur da famfo. Da ta wuce haka, kayan hannu ba su da amfani a gabanta, sai a ja da baya a share layi daga nesa. Gamba busasshiya mai tsawon mita 2 tana wuce wannan iyaka cikin ƙiftawar ido. Faɗin layi aƙalla ya kai tsawon ciyawar sau ɗaya da rabi. Ba a tarar wuta ta ka, wato ta gaban da ta nufa. Ana farawa ne daga wurin da ba za ta iya zagayowa ba, kamar titi, rafi ko falalen dutse, a bi ta gefe da gefe ana matse ta, ƙafa ɗaya tana cikin inda ya riga ya ƙone. Tsakanin ma'aikaci da ɗan'uwansa a bar mita 3 saboda sarar adda. Idan zafi ya haura digiri 30, danshin iska ya yi ƙasa da kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa, ranar ta hatsari ce, kuma a Fabrairu da Maris na Zariya biyun farko kusan kullum suna nan da rana. Daga azahar zuwa la'asar wuta ta fi hauka.

Tudu yana ƙara mata gudu, kusan ninki biyu a kowane hawa na digiri 10, saboda harshen yana kwanciya ya gasa ciyawar da ke samansa tun kafin ya iso. Kada ka taɓa tsayawa sama da wuta a gefen dutse ko a bakin kwazazzabo alhali akwai ciyawar da ba ta ƙone ba a tsakaninku. Haka mutum 13 suka rasu a Mann Gulch ta jihar Montana a 1949, wutar ciyawa ta cim musu suna gudun hawa tudu. A 2013 kuma mutum 19 na tawaga ɗaya suka rasu a Yarnell ta jihar Arizona, bayan sun bar wurin da ya riga ya ƙone iska ta juya. Ƙwararru ne dukansu. Shi ya sa kafin a sa fartanya a ƙasa sai an tabbatar da abu huɗu: mai tsaro a wuri mai tsayi wanda aikinsa kallon wuta da iska kawai, hanyar sanar da kowa ko da usur ne, hanyar tsira biyu da kowa ya sani, da fili tsirara da za a taru, wanda nisansa daga wutar ya kai tsawon harshenta sau huɗu. Idan ɗaya ya ɓace, a dakatar da aikin.

Bayan harshe ya mutu sauran aiki mafi gajiyarwa, kuma sababbin shiga ake ba shi. Kashin shanu busasshe, kututture da itacen da gara ta rarake suna riƙe garwashi har kwana biyu ko fiye, iskar hantsi ta tashi ta ɗauke shi ta tsallakar da layi. Ana bin gefen layin mita 10 zuwa 20 zuwa ciki, a tone, a farfasa, a cakuɗa da ƙasa ko ɗan ruwa, a kusantar da bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Washegari da rana a sake zagayawa. Shugaban tawaga ya rubuta kwanan wata, wurin, tsawon layin da aka share da sunayen waɗanda suka yi aikin, mai gona ya sa hannu. Wannan takardar ce za ka gabatar a matsayin shaidar ƙwarewa ranar da aka buɗe gurbi a ma'aikatar muhalli ko wani shirin dashen itatuwa.