Wuƙar ƙahon rago ta iso gida

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na karɓo sabuwar wuƙata. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da na kai wa Baba maƙeri zanenta a takarda, ga ta yanzu a gabana kan tabarma, ta zama ta goma sha biyu a cikin wuƙaƙena masu ninkewa. Ita kaɗai ce kuma na san hannun da ya ƙera ta.

Da safe ban fita da wuri ba, don hazo ya sauko sosai, ko bishiyar darbejiyar ƙofar gida da ƙyar ake hango ta. Sai na zauna duba sauran. Ɗaya daga cikinsu ta kwana uku tana min gardama wajen buɗewa, na san kuma ƙurar hunturu ce. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwance notinta a hankali, na jera komai yadda na ciro shi. Irin wannan wuƙa akwai wani siririn fallen ƙarfe a cikin ƙotarta da aka ɗan tanƙwara, da zarar ruwan wuƙar ya miƙe sai fallen ya faɗo bayansa ya tokare shi, ba ta ƙara rufuwa sai ka ture shi gefe da babban yatsa. Wani maƙerin Amurka, Michael Walker, shi ya gyara wannan dabara a 1980 ta zama yadda ake yinta yau. Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne ɗan ƙwallon ƙarfen da aka dasa a fallen, bai fi ƙwayar gero ba. Idan wuƙar na rufe, ƙwallon yana zaune cikin wani ɗan rami a gindin ruwan, shi ke hana ta buɗewa a aljihu. Da ka danna har ya kuɓuce daga ramin, sai ruwan ya fita fit. To a kan hanyar da ƙwallon nan ke bi ne ƙura ta haɗu da mai ta zama laka. Na goge da auduga, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, na mayar. Ta dawo daidai.

Bayan azahar na hau adaidaita sahu zuwa Kurmi, daga nan na taka zuwa maƙerar. Na tarar da Baba a gaban wuta, jikansa na bisa zuga-zugi. Muka gaisa, ya tambayi mutan gida, sannan ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko wani ƙunshin tsumma.

Ƙotar ƙahon rago ce, ya gasa ya miƙar da shi ya goge har yana ɗaukar ido, ruwan zuma a sama, baƙi-baƙi wajen gindi. Ruwan kuwa da sifirin mota ya yi shi. Babu makulli a jikinta ko ɗaya. Wata 'yar wutsiya ce ta fito daga gindin ruwan, ka danna ta da yatsa sai wuƙar ta juya ta buɗe, wutsiyar ta kwanta a bayan ƙota, hannunka da ya damƙe ta shi ne makullin. Na ɗauko tsarin daga wuƙar Higonokami, wadda ake ƙerawa a garin Miki na Japan sama da shekara ɗari. Mun tsaya a kan wannan ne saboda Baba ya ce a fara da abin da ƙusa ɗaya za ta riƙe, in ta yi kyau a yi gaba.

Da na buɗe na girgiza ta, sai na ji ruwan na ɗan motsi gefe da gefe. Ban so in faɗa ba, amma ya riga ya gani a fuskata. Ya ce, "Kawo nan, ɗana." Ya ɗora kan ƙusar tagullar a kan uwar maƙera, ya ɗauki 'yar ƙaramar guduma ya buga sau biyu, bugun da ko ƙwai ba zai fasa ba. Ya buɗe, ya rufe, ya kara a kunne, ya ƙara bugu ɗaya. Ya ce in aka matse ƙusar da yawa sai an sa hannu biyu kafin ta buɗe, in aka sassauta kuma za ta buɗe da kanta ta yanki mai ita, abin da ake nema yana tsakani, kuma hannu ne ke jin sa. Na karɓa, motsin ya tafi. Abin da na yi safiya ina lallaɓawa da noti da sukudireba, shi da guduma ya yi shi a zaune.

Na taho masa da wuƙar mahaifina ƙirar Okapi, Allah ya jiƙansa, don ya daɗe yana son ganinta. Da ita yake fiƙe mana alƙalami muna makarantar allo, da ita yake raba goro in baƙi sun zo. An fara ƙera Okapi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Baba ya buɗe ta a hankali yana sauraron ƙaras-ƙaras ɗin haƙoran gindinta, ya ja zoben da ke bayanta, ƙarfen ya ɗaga, ruwan ya saki. Sau uku ya yi haka bai ce komai ba. Daga nan na nuna masa Opinel ta Faransa, wadda a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya tare ruwan. Wannan bai ɗauke shi minti ɗaya ba, ya ce mai wayo ne ya yi ta, kuma zai iya.

A waya na nuna masa wuƙar Sebenza ta maƙeri Chris Reeve, wadda gefen ƙotar da kansa ne ke shiga ya tokare ruwan. Sunan daga Zulanci yake, ma'anarsa aiki. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, na daɗe ina kallonta daga nesa. Yau dai ban ji wannan kwaɗayin kamar da ba.

Da zan taho na naɗe su duka a takarda na tura can ƙasan jaka. Yadda ƙwacen waya da faɗan daba suka ɓata sunan wuƙa a garin nan, ba na yawo da ko ɗaya a aljihu, kuma ban ga laifin wanda ya tsorata da ganinta ba. Amma abin yana min ciwo, don na tashi na ga wuƙa a hannun malamai da dukawa da mahauta, kayan sana'a ce kawai.

Na bar wa Baba wata tsohuwa mai makulli a baya, irin tsarin wuƙar Buck 110 ta Amurka, wadda bakinta ya karye. Ya ce zai farke ta ya ga yadda ƙugiyar ke faɗawa cikin tsagar gindin ruwan, bayan Sallah mu gwada.

A gida na yanka takarda da sabuwar, ta bi ta ba gargada. Na ɓare wa yara rake, na wanke ta na tsane ta sosai, don ƙarfen sifirin ba ya jure danshi. Na shafa mata mai kaɗan. Har yanzu in na kai ta hanci ina jin ƙaurin ƙahon.