Inda na kai da kwamfutar 486 da firintar Epson LX-800

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gyaran tsofaffin na'urori. Wannan bayani ne a kan inda aiki ya kai da kwamfutar 486 da firintar Epson LX-800 da nake farfaɗowa. Burina tun farko shi ne in ga sun buga rubutun Hausa da ɓ da ɗ da ƙ a cike, ba sai na bi bayan takarda da biro ina lanƙwasa kawunan haruffa ba, kamar yadda masu buga takardu da keken rubutu suka saba yi a da.

Kafin in jona kwamfutar da wuta, na fara duba ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin wutarta, wanda ake zaɓar volt 115 ko 230 da shi. Yawancin irin waɗannan na'urori sun shigo mana ne a cikin kayan gwanjo, kuma wadda ta fito daga Amurka takan zo a kan 115, alhali wutarmu ta ninka haka. Duk wanda ya jona ta a haka, ƙara da hayaƙi ne za su sanar da shi. Bayan na mayar da shi kan 230, na auna layin volt 5 da na 12 da mita, sannan na mayar da filogi biyun nan na P8 da P9 a kan babban allo, baƙaƙen wayoyinsu suna haɗe a tsakiya. Ku riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin ana iya cusa su a juye, kuma allon ba ya tsira daga hakan.

Babbar ɓarnar da na tarar ta batir ce. Allunan wancan zamani da yawa suna ɗauke da batirin nikel da kadmiyam mai volt 3.6, mai siffar 'yar ganga, wanda aka liƙa da dalma kusa da ramin allon rubutu. Idan ya tsufa yakan tsiyayar da ruwa mai kaifi irin na toka, ruwan ya bi siraran layukan tagulla yana cinye su a hankali, yana barin wani tsatsa mai launin kore da shuɗi a ƙafafun kayan da ke kusa. Na cire batirin, na goge wurin da ruwan khal da tsohon buroshin haƙori, tunda tsami ne ke kashe kaifin wannan ruwa, sannan na wanke da sifirit na bar shi ya bushe sarai. Da na bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita, na sami waɗanda suka katse a hanyar allon rubutu, na haɗa su da siririyar waya. A gurbin tsohon batirin na yi amfani da ƙafafu huɗun da aka tanada domin batirin waje, na ajiye sabon nesa da allon. Ban ba ku shawarar ku liƙa batirin CR2032, mai siffar kwabo, kai tsaye a gurbin tsohon ba, saboda allon zai riƙa tura masa caji, shi kuwa ba a yi shi domin a caja ba.

Ƙarin ƙarfin da na yi wa kwamfutar bai ɗauki lokaci ba. Kwakwalwarta 486DX2 ce mai gudun megahaz 66, irin wadda Intel ta fitar a 1992, kuma na bar ta yadda take. Sandunan ma'adanar wucin gadi masu ƙafa 30 sai an sa su huɗu huɗu, domin kowace ɗaya bit 8 take ɗauka, ita kuwa 486 bit 32 take ja a lokaci guda. Tsohon faifan ajiya na maye gurbinsa da katin CompactFlash ta hanyar ɗan allon da ke haɗa shi da IDE, wato mahaɗar faifan ajiya. BIOS ɗin wannan allo, wato shirin da ke tayar da kwamfuta, ba ya ganin abin da ya wuce megabayit 504, wato silinda 1024 da kai 16 da sashe 63, don haka ƙaramin kati ya wadatar, kuma MS-DOS 6.22, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta zauna a kai ba tare da gardama ba.

Firintar ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Kanta yana da allurai tara a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace da ɗan maganaɗisunta, suna dukan ribon, wato zirin ƙyalle mai tawada, a kan takarda yayin da kan yake tafiya a kan sandar ƙarfe. Ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama danƙo a kan sandar, har kan yana tirjewa a tsakiyar layi. Na goge ta tas, na ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan, na yi ta kai kan da kawo shi da hannu bayan na kashe wuta. Daga nan na riƙe maɓallin tura layi na kunna ta, ta shiga buga gwajin kanta, wanda ba ya bukatar kwamfuta ko kaɗan. Wannan gwaji ya kamata ya zama farkon abin da kowa zai yi, domin shi ne yake raba laifin firinta da na waya da na kwamfuta.

A takardar gwajin na ga wani farin zare ya ratsa dukkan haruffa a tsayi ɗaya, alamar cewa allura ɗaya ta maƙale. Na cire kan, na jiƙa bakinsa kawai a cikin sifirit har busasshiyar tawada ta narke, zaren ya ɓace. Game da ribon, ra'ayina shi ne a sayi sabo, tunda har yanzu ana samun irinsa, kada a zuba wa tsoho tawadar hatimi. Tawadar ribon mai mai ce, kuma ita ce ke sulɓantar da allurai, ta hatimi kuwa takan bushe a bakinsu ta janyo irin matsalar da na gama magancewa. Bayan na haɗa wayar, kai mai ƙafa 25 a kwamfuta, kan Centronics mai 36 a firinta, na rubuta DIR > LPT1, jerin fayiloli ya fito a takarda.

Yanzu sai batun haruffanmu. Jerin haruffa mai lamba 437 da DOS ke aiki da shi ba shi da ɓ ko ɗ ko ƙ, haka ma ƙwaƙwalwar firintar. Mafita tana cikin harshen umarni na Epson da ake kira ESC/P, wanda ya ba da damar mutum ya zana harafinsa ya aika wa firinta da umarnin ESC &. Firintocin jerin LX gurbi shida kacal suke bayarwa, daga lamba 58 zuwa 63, kuma cikin ikon Allah shida muke bukata: ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ.

Ana zana harafin ne a takarda mai gidaje, tsaye takwas (allurai takwas cikin taran nan ake amfani da su), kwance goma sha ɗaya. Allurar sama darajarta 128, mai bi mata 64, haka ake ta rabawa biyu har zuwa 1, sai a tara darajar ɗigogin kowane ginshiƙi a sami lamba ɗaya. A ƙaramin ƙ, alal misali, na fara sandar daga allura ta biyu zuwa ta bakwai, jimillarsu 126, na bar layin sama domin ƙugiya, wadda ta fara da 128 a ginshiƙin da ke biye. Akwai sharaɗin da ke ɗaure mai zane: allura ɗaya ba ta iya duka a ginshiƙai biyu da ke maƙwabtaka, saboda ba ta gama komawa gurbinta ba kan ya riga ya matsa, don haka dole a riƙa tsallake gida ɗaya a kowane layin kwance. Wannan ne ya sa Ɗ babba ta fi sauran wahala, domin cikinta yana neman faɗi, ƙugiyarta kuma tana neman wuri ta hagu, sai da na matse cikin kafin ta daina kama da D ta yau da kullum.

Na rubuta ɗan shiri da QBasic, harshen rubuta shirin kwamfuta wanda ke zuwa tare da DOS, yana aika zanen da LPRINT da CHR$(27). Ku sa WIDTH LPRINT 255 a farkonsa, in ba haka ba zai cusa umarnin sabon layi a tsakiyar lambobin zanen ya lalata su. Da yake gurabun shida na alamomi ne irin su ruwa biyu da alamar tambaya, shirin yana kunna haruffana da ESC % 1 ne kawai idan ya iso harafi mai ƙugiya, ya kashe da ESC % 0 da zarar ya wuce. Zanen yana gogewa duk lokacin da aka kashe firinta, shi ya sa na sa shirin a cikin AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke aiwatarwa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma sai an riga kunna firinta kafin kwamfuta.

Na gwada da ɓauna da ɗinki da ƙwarya da Ƙaraye, duk sun fito ana karanta su, har a kwafi na biyu da ke ƙarƙashin takardar kabon, bayan na ɗan ɗaga sandar kaurin takarda. Abin da ya rage shi ne zana su a salon rubutu mai kyau na NLQ, inda kan yake bin layi sau biyu, zanen kuma yake bukatar ɗigogi da yawa fiye da wannan. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, gurbi shida ba zai isa ba, don haka gwajin da zan yi nan gaba shi ne sake aika zanen gurbi ɗaya a tsakiyar bugu, in ga ko firintar za ta karɓa ba tare da ta rikita layin da take kai ba.