Tarihin Rayuwata a Gareji, Kashi na 17: Madubin Gefe Mai Wuta

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a kan injin ɗaga gilashin ƙofa. Tunda murfin ƙofar yana kwance, bari mu taɓa madubin gefe, irin wanda ake juyawa da makunni daga ciki. Zan yi misali da Camry ƙirar 1997 zuwa 2001, wadda dillalai ke kira Pencil.

Kafin ka ɗauki sufana, murɗa makulli zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kamawa ba a tada mota ba, ka danna makunnin, ka kasa kunne. In madubai biyun duk sun yi tsit, fis ne ko makunnin kansa. In ɗaya ne ya mutu, duba robar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Buɗewa da rufewa na shekara 20 da ɗoriya kan karya waya a cikin rigarta, waje lafiya, ciki a tsinke. In kuwa kana jin gurnani amma gilashi ya ƙi motsi, wuta na zuwa, matsalar tana wajen giya, wato ɗan faifai mai haƙora da ke ciki.

Ciro shi ba wuya. Ɓalle murfin nan mai kusurwa uku, zare soket, kwance noti uku da sufana lamba 10. Tallabi madubin kafin ka saki na ƙarshe.

Gilashin ne wurin asara. Manne yake da farantin roba, farantin kuma ƙugiyoyi ne suka riƙe shi a jikin injin. Da sanyin hunturu robar nan kamar ƙanzo take, don haka ajiye madubin a rana minti 15 tukuna. Tura gilashin ya kwanta gefe guda har rata ta buɗe, leƙa da tocila ka ga inda ƙugiyoyin suke, sannan ka zura sukundireba mai faɗi da aka naɗe da tsumma daidai gindinsu. Wanda ya ɓanɓaro daga baki, sai dai ya nufi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani.

A ciki za ka tarar da ɗan akwati da ƙananan sukurori suka riƙe. Injuna biyu ne a cikinsa, kowanne bai fi babban yatsa ba: ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Shi ya sa wayoyin uku ne, guda ta tarayya ce, makunni kuma juya wutar yake yi don injin ya koma baya. In ka ga ƙarin biyu, galibi na ɗumama gilashi ne. Gwada da batir mai bolt 9 ya isa: ta tarayya da ɗaya daga sauran, sannan ka musanya.

Kowane inji yana juya farar giya, ita kuma tana tura ɗan sanda mai zare da kai kamar ƙwallo. Sau da yawa kan ne kawai ya fita daga raminsa, saboda mai wanki ya danna gilashi da ƙarfi ko ɗan adaidaita ya goge shi. Mai da shi, magana ta ƙare. In haƙoran giya sun cinye, ka manta da gam, ba ya riƙewa. Samo tsohon madubi ka ciri akwatin.

Abin da ya fi kashe su a wajenmu ƙura ce. Tana cakuɗa da tsohon giris ta zama kamar taɓo busasshe. Wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ban da fetur, don yana cin roba. Farin giris ko na silikon za ka sa, kamar ƙwayar shinkafa a kowace giya. Ina ganin yara suna cusa baƙin giris na ƙafa, wata biyu sai motar ta dawo.

Injin da sai an ƙwanƙwasa yake tashi, miƙe 'yan kunnuwan bayansa ka buɗe, ka goge tagullar da 'yan burushin wuta na cikin injin ke gogawa da sanfefa lamba 1000. Wayar da ta tsinke kuma a haɗa ta da dalma, a matsar da gaɓar nesa da inda ƙofa ke lanƙwasa ta.

Gwada duk ɓangarori huɗun kafin ka mai da gilashi. Daidaita farantin a tsakiya, danna da tafin hannu har ka ji ƙas. In yana rawa a kan hanya, akwai ƙugiyar da ba ta shiga ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu buɗe makunnin.