Ranar da Motar Zariya ta Tafi ta Bar Ni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kaɗa wa mawaƙi ɗaya kalangu a Kano, daga 2012 zuwa 2023, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai taɓa buɗe baki ya ce mini ya sallame ni ba. Wata Juma'a ce cikin watan Yuli, 'yan makonni bayan Babbar Sallah, muna da biki a Zariya. Ana saukowa daga masallaci na rataya kalanguna, wanda na sake wa fata da kuɗin aljihuna saboda wannan tafiyar, na je bakin titin da muka saba haɗuwa na tsaya jiran mota. Ina nan tsaye har aka kira la'asar. Na buga wa maigida waya sau huɗu bai ɗauka ba, sai na kira sanƙiranmu, ya ɗauka da muryar mai jin nauyi, ya ce, "Wallahi Yaya, ai mun wuce Kwanar Dangora, na zaci Oga ya yi maka magana." Babu wanda ya yi mini magana, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba.

Da daddare ɗaya daga cikin 'yan amshi ya ɗora bidiyon bikin a WhatsApp, kuma da ma ban buɗe ba. Ga maigida yana waƙa, ga yaron da yake riƙe mini ɗan karɓi, wato ƙaramin kalangu, tsaye a wurina rataye da babban kalangu, yana ɗan taɓa shi sama-sama don masu ɗaukar hoto, amma kiɗan da ke fitowa daga lasifika ba daga hannunsa yake fitowa ba. Kiɗana ne. Ban ce irin nawa ba, hannuna ne da kansa, kuma shaidata ita ce wata 'yar ƙara siririya da ke bin bayan kowane bugu na uku, wadda ba ta da wani dalili sai tsarkiya guda da ta saki a wata rana da na sani sarai. Ina jin wannan ƙarar na tashi zaune a kan tabarma, domin nan take na gane cewa ni da kaina na yi wa kaina wannan aikin tun wata takwas da suka wuce.

A watan Nuwamba na 2022 maigida ya ce in zo wani situdiyo a titin Gidan Zoo, wai ana so a gyara sautin sabon faifai. Da na isa sai na tarar babu 'yan amshi, babu ma shi maigidan a cikin ɗakin naɗa, daga ni sai mai haɗa sauti. Ya ce in buga masa kowane sauti shi kaɗai, a matse da kuma a sake, da ƙarfi da kuma a hankali, sannan in yi masa kowane salo da muke amfani da shi a biki na tsawon minti ɗaya ɗaya, in tsaya, in sake. Mun shafe kusan awa uku muna wannan. A tsakiyar aikin tsarkiya ɗaya ta saki, na ce a dakata in ɗaure, ya ce in bar ta, ba za a ji ba. Da muka gama aka ba ni naira dubu goma da lemon kwalba, na yi godiya har da rusunawa, na fito ina ganin an karrama ni. Ban tambayi inda sautin zai tafi ba, ban tambayi wanda zai riƙe shi ba, balle in ce a rubuta wani abu. Mutumin da ya je sunan 'ya'yana uku, ta yaya zan ce masa ya ba ni takarda? Daga baya na fahimci cewa an yanka wannan naɗin gunduwa-gunduwa an zuba a filas, an loda shi cikin fiyanon Yamaha da muke yawo da shi, ta yadda mai fiyano zai taɓa maɓalli ɗaya da ɗan yatsa, shekara talatin na koyon hannuna su fito ta lasifika.

Ina so in yi adalci, ko da yake raina ba ya so. Ban yi imani cewa tun a Nuwamba ya ƙulla korata ba. Ina ganin ya ajiye abin ne don ranar da ba ni da lafiya, sai zamani ya zo ya nuna masa wani amfanin. Duk wanda yake wannan sana'a ya san abin da canjin kuɗi ya yi mana a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin suka ɓace, sababbin kuma ba su wadata ba. Liƙi ya mutu murus a watan Fabrairu. Kafin nan kuɗi a ƙasa suke zuba, yaro ya tattara a buhu, a ƙirga a gaban kowa bayan an tashi, maigida ya ɗauki babban kaso, sauran a raba mana gwargwadon matsayi, kuma ko an zalunce ka, ka dai ga abin da aka samu da idonka. Da takardun kuɗi suka yi wuya sai sanƙira ya koma karanta lambar asusun banki a lasifika, asusun kuwa na maigida ne, don haka daga wannan lokacin abin da ya ce an samu shi ne aka samu. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya ninka. Ɗaukar mutum tara a bas zuwa Zariya ko Katsina ya zama asara, alhali mutum biyar da fiyano za su shiga ƙaramar mota. Idan za a rage, wa za a fara ragewa? Sai wanda kasonsa ya fi na kowa girma bayan na maigida, wanda kuma an riga an mallaki hannunsa a filas.

Alamu sun bayyana, ni ne ban karanta ba. Zauren WhatsApp ɗinmu ya yi tsit tun bayan azumi, na ɗauka rashin aiki ne, ashe sun buɗe wani sabo babu ni a ciki. Sau biyu aka ce mini an ɗage biki, ashe an yi shi. Yaron nan ya fara yawan tambayata yadda nake riƙe kalangu a hammata idan zan yi wa amarya taken gidansu, ni kuwa ina ta murna na samu ɗalibi mai himma. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to ni dai na ɗauru da kyau.

Bayan kwana biyar da bikin Zariya na je gidan maigida, kuma a nan ma na yi kuskure, domin na tafi da zafin rai maimakon in tafi da dattijo. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, "Haba ƙanena, wa ya ce an cire ka? Harka ce ta yi sanyi, ka ɗan huta, idan babban aiki ya zo ai kai ne." Na ce, "Maigida, kiɗan da na ji a Zariya na wane ne?" Sai ya yi murmushi ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ai an biya ni ranar da aka naɗa. Wannan kalma ta "an biya ni" ita ce ta fi komai ƙona mini rai, saboda gaskiya ce. Na ɗaga murya a zaurensa, na faɗi maganganun da suka sa mutanen da ke wurin suka koma ba shi haƙuri, ni da aka cuta na fito a matsayin marar kunya. Da na ɗauki kawuna ko wani babban makaɗi da yake jin nauyinsa, da aƙalla an zauna an yanka mini wani abu na sallama, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya daɗe a gidan mutum.

Yaron kuwa ban riƙe shi a zuciya ba. Ya zo har gida bayan sallar isha'i ya durƙusa, ya ce, "Baba, wallahi an ce mini kai ne ka ce ka gaji da tafiye-tafiye." Na yarda da shi. Abin da na gaya masa kawai shi ne duk ranar da aka kira shi situdiyo shi kaɗai, ya tuna da ni.

Wani ɗan unguwarmu lauya ya yi mini bayanin cewa akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta san da haƙƙin wanda ya yi kiɗa ko waƙa a kan abin da aka naɗa daga gare shi. Raina ya fara sanyi, sai ya tambaye ni abin da muka rubuta. Na ce babu. Ya tambayi ko na karɓi kuɗi, na ce dubu goma. Ya tambayi wanda zai tsaya ya ba da shaidar abin da aka ce za a yi da naɗin, na ce daga ni sai mai situdiyo, wanda maigida ne babban mai kawo masa aiki. Ya yi shiru, sannan ya ce za a iya gwadawa, amma in auna kuɗin shari'a da abin da zan samu. Na auna, na haƙura. Shi ne kuma, don ya lallashe ni, ya ba ni labarin Pete Best, mai gangar ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool a Ingila, wanda aka cire a watan Agusta na 1962 aka sa Ringo Starr, ana dab da su yi sunan da duniya ta san su da shi, kuma abokan nasa ba su iya fuskantarsa ba sai manajansu suka tura ya gaya masa. Na ce masa ai wannan ya fi ni gata, tunda shi an kira shi ofis an faɗa masa, ba a bar shi tsaye a bakin titi da ganga a kafaɗa ba.

Wata uku na yi a gida ina jiran wannan babban aikin da aka ce nawa ne. A cikin waɗannan watannin na gano wani ramin da na haƙa wa kaina: shekara goma sha ɗaya ina shiga gidajen biki, amma ba ni da lambar wayar mai biki ko guda ɗaya, domin kowa ta hannun maigida yake zuwa, ni sunana kawai mai kalangun wane. Har babur ɗina na sayar. Mahaifiyata ce ta gaji da ganina a zaure, ta ce, "Ubanka mahauta ya kaɗa wa har ya mutu, bai taɓa jiran motar kowa ba." Kalangu da ma kiɗan mahauta ne, kuma ta hanyarsu ya shiga dambe, amma ni na daɗe ina ganin na wuce wannan, tunda ina kiɗa a ɗakunan taro masu na'urar sanyaya ɗaki.

Wata yamma na ɗauki kalanguna na tafi gidan dambe na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, na gaida manyan makaɗan wurin, na zauna a baya kamar sabon shiga. Sati biyu ina karɓa musu kafin su ba ni gaba. A nan na tuna abin da na manta. A biki salo shida ko bakwai kake juyawa dare guda, shi ya sa na'ura ta iya maye gurbinka. A dambe kuwa kowane ɗan wasa da takensa, na ɓangaren Arewa daban, na ɓangaren Kudu daban, na ɓangaren Guramada daban, kuma dole idonka ya kasance a fili: ka san lokacin da za ka kira mutum da takensa har tsuma ta kama shi ya miƙe yana kirari, ka san lokacin da za ka sassauta idan an raba turmi, ka san yadda za ka juya kiɗa a cikin ƙiftawar ido idan an yi kisa, wato an kayar da wani. Ranar da na fara kiran wani ɗan dambe da kalangu, na ga ya ajiye ruwan da yake sha ya taso jikinsa yana rawa, sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido. Kuɗin bai kai na biki ba a lokacin da biki yake biki, amma a hannuna ake sa mini shi.

Yanzu idan matasan makaɗa suka tambaye ni, ba na ce musu kada su shiga situdiyo, domin wannan ya wuce. Ina ce musu idan aka ce ka buga sauti ɗaya ɗaya babu waƙa a kai, to ba faifai ake yi ba, hannunka ake saye, sai ka yi masa kuɗin hannu, a kuma rubuta inda za a yi amfani da shi da wanda zai riƙe shi, ko da a bayan takardar siminti ne, da shaidu biyu waɗanda ba yaran mai saye ba. Wanda ya ji haushi don ka nemi takarda, to da ma akwai abin da bai so ka sani ba. Ni ma an sake nemana irin wannan aikin a bara, na faɗi kuɗina, na kawo lauyan nan ya rubuta, kuma kafin a kunna na'ura sai da na bi tsarkiyoyina ɗaya bayan ɗaya na ɗaure.

Maigida ya kira ni sau ɗaya tun daga lokacin. An ba wani mai gidansa sarauta, ana son kalangu na gaske a wajen naɗi, a tsakiyar fili inda babu wurin jona fiyano, yaron kuma bai san taken gidan ba. Ya ce, "Ƙanena, babban aikin nan da na ce maka ya zo." Na gaishe shi da ladabi, na tambayi iyali, sannan na gaya masa kuɗina, na ce rabi kafin in fito daga gida, kuma da motata zan zo, wato ta haya. Ya ce zai sake kira. Ranar naɗin ina Sabon Gari, akwai wasa tsakanin Kudu da Arewa, kuma sai da aka kira magariba muka tashi.