Abin da ake saurara a cikin saƙon 'yan ta'adda

A watan Fabrairun 2012, kakakin Boko Haram, Abul Qaqa, ya zargi kamfanonin wayar salula da taimaka wa jami'an tsaro wajen bin sawun 'yan ƙungiyar. A watan Satumba aka wayi gari ana ƙona turakun sadarwa a Borno da Yobe da Kano. Wata bakwai ke tsakani. Bai faɗi rana ba, bai faɗi gari ba, amma ya faɗi irin abin da za a taɓa. Iyakar abin da farfaganda ke tonawa ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Mai nazarin irin waɗannan saƙonni ba ya ɓata lokaci kan zagin gwamnati da kurarin "za mu shigo", don wannan kullum ne. Abin da yake nema shi ne sabon suna. Wane rukuni aka ambata yau wanda ba a ambata ba a saƙonni goman baya? Malaman makaranta ne, ko direbobin kasuwa, ko masu ba da agaji? A Agustan 2016 Abu Mus'ab al-Barnawi, shugaban ISWAP a lokacin (ɓangaren Boko Haram da ke biyayya ga ISIS), ya sa ƙungiyoyin agaji cikin abokan gaba a hirarsa da jaridar ISIS. A 2018 ISWAP ta kashe ma'aikatan lafiya biyu na Red Cross da ta sace a Rann ta jihar Borno.

Sai laƙabi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Muddin ana ce wa mutanen gari "talakawa" ko "'yan'uwa Musulmi", ana lallashinsu ne. Ranar da suka koma "murtaddai", "munafukai" ko "infoma", an fara halatta jininsu a kunnen yaran da ke riƙe da bindiga. Shekau ya ce an yanka manoman shinkafar Zabarmari a Nuwamban 2020 ne don sun miƙa wani ɗan ƙungiyar ga sojoji. A Zamfara, inda yawancin 'yan bindiga ba aƙida ce ta kawo su daji ba, zargin ya fi zuwa da sigar ramuwa: garin kaza ya ɓoye 'yan sa-kai, an kama mana mutum, an kwashe mana shanu. Haka bidiyoyin Bello Turji kan yankin Shinkafi suka saba tafiya. Lakurawa kuwa, masu ɗauke da makamai a yankin Sakkwato da Kebbi, da wa'azi da karɓar zakka suke shiga, don haka a wurinsu "sun ƙi bin shari'a" shi ne zargin. Amma a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi, a Nuwamban 2024, rikicin shanu ne ya sa Lakurawa suka kashe mutum 15.

Aikin kansa na littafi da biro ne. Kowane sauti a rubuta ranar da ya fara yawo, muryar wa, wa aka zarga, da wane laifi, an ambaci gari ko hanya ko ranar kasuwa, an ba da wa'adi ko a'a. Idan sabon rukuni da sabon laƙabi da sunan wuri suka haɗu a saƙo ɗaya, kada ya kwana. A kai wa hakimi da DPO da ofishin DSS tare, a haɗa da abin da ido ya gani: babura da yawa a bakin daji, baƙi na sayen fetur jarka-jarka, Fulanin ruga sun tashi ba shiri.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsohon sauti. Na shekara biyu baya yakan dawo WhatsApp da sabon take, ƙauye ya watse a bar gero a gona. Wani lokacin kuma da gangan ake ambaton gari ɗaya don jami'ai su taru can, a faɗa wa maƙwabcinsa. Shiru ma ba lafiya ba ne, domin masu neman kuɗin fansa ba su da dalilin yin shela, sai bayan sun kwashi mutane ake jin muryarsu a waya. Shi ya sa makarantar kwana da ke gefen daji, irin ta Jangebe ko Birnin Yauri inda aka sace ɗalibai, ba a jira a ji an ambace ta kafin a gyara katanga a ƙara masu gadi.