Godiya ga matasan da suka riƙe mana yara a hutun nan

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun rufe ajin hutu na yaran unguwa lafiya, kowane yaro ya koma hannun iyayensa, kuma tun ranar nake son in zauna in yi rubutun nan gajiya ce ta hana sai yau. Mutane sai kira suke Anti sannu da ƙoƙari, Anti Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai da gaske, amma kaso mafi tsoka na addu'ar nan na 'yan matan nan ne da samarin nan da suka gama WAEC da NECO suna zaman jiran sakamako, da wasu 'yan SS2 da suka biyo yayyensu, su suka ɗauki aikin nan a ka. Ba zan sa sunayensu ko hotunansu ba don yawancinsu ba su kai shekara 18 ba kuma ban nemi izinin iyayensu ba, amma 'ya'yana duk wanda ya karanta zai gane inda nake magana da shi.

Duk mai ɗa a gida ya san yadda lokacin nan yake, daga an gama NECO har zuwa ranar da za a samu gurbin karatu watanni ne masu yawa, yaro ya tashi ba makaranta ba sana'a, daga waya sai majalisa, a gefe guda kuma ga ƙannensu 'yan firamare dogon hutu ya same su suna ta gararamba a lungu cikin damina. Shi ne muka ce bari mu haɗa su, manyan su koya wa ƙananan aikin hannu.

Ke da kika riƙe littafin rajista, wallahi na ga manya masu digiri da ba za su riƙe shi kamar yadda kika riƙe ba. Sunan yaro, lambar mahaifiyarsa, wa zai zo ɗaukarsa, wa yake da asma, wa yake da sikila kada a bar shi ya jiƙe ko ya gaji, duk kin rubuta da hannunki. Ranar da wani bawan Allah ya zo ya ce shi kawun wata yarinya ne zai tafi da ita, kika ce Baba ka yi haƙuri sunanka ba ya cikin littafi sai na kira mamanta, ransa ya ɓaci ya yi ta faɗa ke kuma kina tsaye cikin ladabi ba ki matsa ba har aka kira aka tabbatar kawun nata ne, a ranar na san hankalina zai iya kwanciya.

Ɓangaren rini shi ya fi ba ni tsoro tun farko, don kalar kasuwa da muke amfani da ita sai da sinadaran soda da haidiro da ruwan zafi, kuma soda in ta taɓa fata ƙonawa take. Sai samari suka ce Anti ki bar mana, yara su yi ƙulli kawai da zare da duwatsu da murfin kwalba, mu za mu tsoma. Haka kuwa aka yi, suka ja layi da gawayi a ƙasa ba yaron da ya isa ya tsallaka, suka sa safar hannu da takunkumi, hannayen rigunansu duk sun rine amma ko yaro ɗaya bai ƙone ba. Cikinsu akwai wanda kakanninsa marina ne, shi ya matsa lallai sai mun kai yaran Ƙofar Mata sun ga na asali, kuma da ɗan gari akan ci gari, shi ya je ya gaida dattawan wurin ya nemo mana izini. Yaran nan yawancinsu a Kano aka haife su amma ba su taɓa leƙa karofin nan ba, wurin da tun 1498 ake rini a cikinsa. Suka ga ramuka masu zurfi cike da ruwan baba da toka, suka ga yadda ake tsamo zane kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu, ihu suka dinga yi, shi kuma yana musu bayani cewa iskar ce take juya launin shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa, yawan tsomawa yawan duhun zanen. Ya kai su suka ga masu bugu da yadda zane yake ɗaukar ƙyalli, ya ba su labarin turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa. Yaro ne da malamansa suke cewa ba ya magana a aji, ranar sai da na ce masa lokaci ya ƙure.

Daga nan muka wuce Gidan Makama, gidan da Sarki Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, yara suka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903. Fita da ƙananan yara cikin gari ba wasa ba ne, kowace babba aka ba ta nata rukuni, a shiga Adaidaita a ƙirga, a sauka a ƙirga, su da kansu suka tsara haka ni dai kallo nake.

Masu motar kara da motar gwangwani, masu yumɓu da suke wanke bokitai bayan kowa ya tafi, mai koyar da saƙar faifai, duk na gode. Ke kuma mai tatsuniya, da kin ce ga ta nan ga ta nanku ajin da ya gagari kowa sai ya yi tsit, kuma na lura da yadda kika zauna da yaron nan mai in'ina kullum bayan an tashi kina maimaita masa layinsa a hankali ba ki taɓa ƙarasa masa magana ba, har ya fito a matsayin Gizo ranar rufewa. Mahaifiyarsa kuka take a kujera.

Ranar rufewa kuwa, mun kafa kanofi mun jera kujerun haya, an rataye zannuwa da zane-zanen yara a igiya, iyaye sun cika, Mai Unguwa ya zauna, ana tsakiyar wasan kwaikwayo hadari ya taso daga gabas irin na Agusta, iska ta ɗaga kanofi ɗaya sama. Kafin in buɗe baki 'yan matan sun kwashe ƙananan yara sun shige azuzuwa, mai kula da lasifika ya kashe janareta ya zare wayoyi don kada ruwa ya haɗu da wuta, wasu sun riƙe ƙarafan kanofi, sai da aka ƙirga yara aka ga sun cika sannan suka koma cikin ruwan suna tsinto ayyukan yaran ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya koya musu cewa yara ne farko, wuta ta biyu, kaya daga baya. Aka ƙarasa wasan a baranda a matse, aka sha zoɓo aka ci cincin, su kuma jiƙe sharkaf suna raba wa mutane.

Ina godiya ga shugaban Islamiyyar da ya ba mu aron azuzuwa da safe, da Mai Unguwa Allah ya ƙara girma, da Hajiyar da ta ɗauki nauyin abincin rana, da mai shagon da ya ba mu kwali da gam da almakashi a farashin sari. Iyayen matasan nan, musamman iyayen 'yan mata da suka yarda suka bar su fitowa kullum, Allah ya saka muku da alheri, tarbiyyarku muka gani.

Abin da yake damuna shi ne wannan. Ɗalibin poli ko jami'a yana da IT, wato zuwa ma'aikata koyon aiki a aikace kafin ya gama karatu, tsarin da ake kira SIWES wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara tun 1973, in ya gama kuma ga bautar ƙasa, amma ɗan sakandare ba shi da wata ƙofa da zai shiga ya ga yadda ake aiki, gobe kuma ya je neman aiki a tambaye shi ina ya taɓa yi. Yaran nan sun zo a kan lokaci, sun riƙe kuɗi sun kawo risit da canji, sun lallashi mai kuka, sun yi magana da iyayen da ransu ya ɓaci, wannan aiki ne cikakke kuma abin da muka iya ba su kuɗin mota ne da abinci, bai kai ba ko kusa. Badi in Allah ya kai mu alawus ɗinsu shi za a fara warewa kafin a sayi fenti ko yadi.

Na rubuta wa kowannenku takardar shaida da sunansa da ainihin aikin da ya yi, Mai Unguwa ya sa hannu ya buga hatimi, ku zo gida ku karɓa bayan la'asar. Masu shaguna, teloli, masu makarantun kuɗi, masu kemis da shagon kwamfuta, duk mai neman yaro ko yarinya mai amana da zai koyi aiki kafin a fara karatu ya yi min magana ta inbos, zan haɗa shi da iyayensu kuma ni zan tsaya musu. Iyayen da zannuwan 'ya'yansu suka jiƙe, an sake shanya su sun bushe, suna ofishin Islamiyya kowanne da sunan mai shi a jiki, don Allah a je a karɓa kafin a koma makaranta.